Katin Asibitin Baba

Laraba da dare, cikin Rajab

Wata biyar ina neman likitan da zai duba hawan jinin Baba da ciwon sugansa, kafin na samu wani mai haƙuri da tsofaffi nan Mafara. Ya ce a riƙa kawo shi duk mako biyu. Yaya Sani ya yi alkawarin ɗauko shi daga Bakura, tunda ni ina koyarwa.

Yau na je gida na iske ƙafafun Baba sun kumbura. Na duba katin asibiti, zuwa ɗaya ne a rubuce, wanda na kai shi da kaina. Ashe gonar albasar Yaya suke wucewa, Baba ya wuni yana kallon ban-ruwa.

Na ce, "Yaya, ba kai ke ce mini likita ya yaba da jikinsa ba?"

Ya sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa: "Ni na sa shi, Hajo. Tun da aikin dam ya ci gonata, can gonar Sani kaɗai nake jin ni mutum ne."

Na dubi Inna, ta kau da kai. Har Inna ta sani. Ni kaɗai aka ɓoye wa.