Sallamar da Ba Mu Gane Ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Ikko? Ya Anti Binta da yara? Mu nan Daura sai godiyar Allah, amma raina a jagule yake.

Maganar ƙaninmu Sani ce. Tun rasuwar matarsa ko kasuwar shanu ya daina leƙawa. Makon jiya ya zaga dangi gida-gida, har Dutsi, yana neman a yafe masa, wai zai tafi Kaduna. Duk muka ɗauka sallamar matafiyi ce. Har dambun nama na ƙulla masa.

Ashe, Yaya, kashe kansa ya tafi yi. Wani ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a can ne ya lura da shi. Ya ga ya rabar da guzurinsa, bai yanki tikiti ba, ya tsaya bakin layin dogo yana hawaye. Mutumin ya matso ya ce, "Malam, zo ka taya ni shan shayi." Ya riƙe hannunsa, bai sake shi ba har jirgi ya wuce. Sannan ya kira ni da wayar Sani.

Yanzu yana gida wurin Inna, muna kai shi ganin likita. Ka sa shi a addu'a, shi da wannan bawan Allah. Ka gaida mutanen gida.

Don Allah ka kira shi, ban da faɗa. In ya ce maka "lafiya lau," kada ka kashe waya. Mu ma haka ya ce mana.

Ƙanwarka,
Hadiza