Yaya, Ba Kawu Ne Ya Kashe Motar Umma Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu nan sai godiya. Umma jiki da sauƙi, kumburin ƙafar ya ragu, har tana fitowa tsakar gida da yamma ta sha iska. Wankin ƙodar yana nan sau biyu a mako kamar yadda ka sani. Baban yara ya dawo daga tafiya, yara sun koma makaranta.

Yaya, da gangan na zaɓi takarda ban buga waya ba. Na san halinka, na san nawa. In na kira, kafin in kai rabin magana ka katse ni, ni kuma in ɗaga murya, mu rabu ba a faɗi komai ba. Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Wata uku ke nan jif ɗin da ka saya wa Umma tana ba mu wahala. Sai ana cikin tafiya ta fara fizga kamar an shaƙe ta, fitilar inji ta kama a gaban direba, ta mutu. Wata rana ta tashi lafiya, wata rana a yi ta murɗa makulli ko tari ba za ta yi ba. Tun makon farko Kawu da ke tuƙa ta ya ce wannan ba aikin sifana ba ne, a kai ta wurin mai na'ura ya duba. Kai ka ce a'a, abokinka Injiniya ya san motar ciki da waje. To, Injiniya ya canza fulogi, ya canza famfon mai, ya wanke tanki, ya sake batir, ya koma ya canza fulogin da shi da kansa ya sa. Da dabara ta ƙare masa, sai ya ce maka Kawu ne yake zuba mata gurɓataccen mai, kuma tsufa ya sa ba ya jin kukan inji. Ka yarda. Ko tambayar Kawu ba ka yi ba. Ka turo saƙon murya a zauren 'yan uwa na waya, inda har 'ya'yanmu suke, ka ce a karɓi makulli daga hannunsa. Ƙanin mahaifiyarka, Yaya. Mutumin da ya koya maka riƙe sitiyari. Ni na ga lokacin da ya ajiye makullin a kan tabarmar Umma, ya sa takalminsa ya fita.

Ranar Litinin ta makon jiya muka kama hanyar asibiti da direban da Injiniya ya kawo mana. A tsakiyar shataletale, rana tsaka, motar ta mutu. Masu motoci suna ta danna mana ham, wasu har da zagi, Umma a kujerar baya gumi ya jiƙa mata mayafi. Shi direban sai ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallon inji, hannu a ƙugu. Kafin in samu tasi in lallaɓa ta ta shiga, lokacinmu ya wuce, an ɗora wani a kan injin wankin. Sai washegari aka yi mata. Yinin nan haka ta yi shi a zaune an tokare ta da filo, tana haki, ruwa ma a ƙirge take sha. Ban gaya maka a ranar ba, don ban amince da abin da zai fito daga bakina ba.

Ban nemi izinin kowa ba, na sa aka ja motar zuwa wurin wani mai wayarin, dattijo mai tabarau, shagonsa ɗan ƙarami a bayan tashar mota. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce wani lokaci motar tana amsa mata, wani lokaci shiru. Bai yi gaggawa ba. Ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, ya bi wayoyi yana aunawa, ya ce duk lafiyarsu ƙalau, wuta tana isa inda ya kamata. Sannan ya kwance wani akwatin ƙarfe mai faɗin littafi daga gefen inji, ya ce wannan ita ce ƙwaƙwalwar motar, ita ke auna mai da iska, ita ke ba fulogi wuta. Da ya buɗe, ni da ban san komai ba na ji ƙaurin ƙuna, na ga gefe ɗaya ya yi baƙi. Sai ya tambaye ni ko an taɓa yi wa motar walda ba a cire kan batir ba. Na ce an dai liƙe salansa a garejin Injiniya, kwana kaɗan kafin ciwon ya fara.

Daga nan gidan Kawu na wuce. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Ya ce ranar waldar yana tsaye a wurin, ya roƙi Injiniya ya cire batir tukuna, shi kuma ya ce masa direba ba zai koya masa aikinsa ba. Na ce me ya hana shi faɗa tuntuni? Ya ce ba shi da shaida, kuma ba ya son ya shiga tsakaninka da amininka na ƙuruciya. Ka ji wanda ka ce ba ya jin kukan inji. Da na je wa Injiniya da ƙonannen akwatin a hannuna, ko ɗagowa daga kujerarsa bai yi ba, cewa ya yi kowane ƙarfe da ranar mutuwarsa. Allah ne Ya riƙe hannuna, da na kwaɗa masa shi a goshi.

Ni da kaina na shiga kasuwar kayan gyara da lambar akwatin a rubuce a takarda. Wanda na fara kawowa harafi ɗaya ne ya bambanta, mai wayarin ya ce in mayar. Kwana biyu ina yawo kafin a samu daidai. Ya ɗaura, ya saita shi da na'ura har ya gane makullin, ya murɗa sau ɗaya ta tashi. Yau kwana biyar, baban yara yana zagayawa da ita safe da yamma, ko fizga ɗaya ba ta yi ba, fitilar ma ba ta sake kamawa ba.

Mota ta gyaru, saura abin da kai ka ɓata. Na kai wa Kawu makulli, ya ce na gode amma ba ke kika karɓe shi ba. Umma kuma ta ce ba za ta sake sa ƙafa a motar nan ba sai ƙaninta ne a gaba, ko da a keke za a riƙa kai ta. Ka san Umma in ta faɗi magana. Kada ka turo masa kyauta, kada ka aiko ni. Ka kira shi ka ba shi haƙuri, sannan ka koma zauren nan da ka tozarta shi, ka faɗi gaskiya da muryarka, yara su ji.

Ka gaida Anti da 'Yan Biyu, ka shafa mini kan Auta. Baban yara yana gaishe ka. Na tambayi Umma ko tana da saƙo, ta ce in gaya maka ranar Alhamis ƙarfe tara za a sake ɗora ta a kan injin wankin.

Wassalam,
Ƙanwarka.