Sanyinmu Bai Bi Jirgin Ba

Litinin, 9 ga Disamba

An loda. Na tsaya cikin dusar ƙanƙara har motar ta sha kwanar gada da rabin giyar tuffa ta bana. Melbourne za ta, can Ostireliya. Giyar da tun zamanin Baba ba ta taɓa fita daga kwarin nan ba.

Ƙanena Tsutomu sai washe baki yake kamar shi ya dafa. Shi dai sayarwa, tukunya tawa ce. Ya daɗe yana bin wata 'yar kasuwar can, Dimitra, har ta ce a kawo. Kwantenar gama-gari ya kama, ba mai sanyi ba, ni ma ban ga laifi ba. Haka Baba ya bar mana: daga dusar farko har ta narke ba a hayar motar sanyi, gari kansa firiji ne.

Asabar, 14 ga Disamba

Jirgin ruwan ya tashi. Na zuba wa Baba kofi ɗaya a gaban hotonsa.

Alhamis, 19 ga Disamba



Muna cin abincin rana Tsutomu ya nuna mana hoton da Dimitra ta turo na gaisuwar ƙarshen shekara. Ita da ma'aikatanta a bakin teku, 'yar shimi a jikinta, gumi na ƙyalli a goshi. Mama ta gyara tabarau ta ce, "Wannan 'yar ba ta da uwa ne? Tsirara a Disamba!" Tsutomu ya yi dariya, wai Mama ai can yanzu tsakiyar zafi ne.

Na ture kwanon shinkafar. Na sani fa, tun a makaranta na sani. Amma ban taɓa haɗa abin da giyata ba.

Giyarmu rayayya ce, ba ma tacewa, ba ma ɗumamawa. Yisti yana kwance a gindin kwalba yana barci muddin da sanyi. Ya ji zafi ya farka, ya cinye zaƙin tuffar, ya cika kwalba da iska. Kowa a kwarin nan ya san ba a barin kwalbarmu kusa da wuta, shi ya sa ko a jikin kwalbar ba mu taɓa rubutawa ba. Wa za a gaya wa?

Na ce da Tsutomu. Ya ce, "Haba Yaya, ke kullum sai kin nemo abin tsoro. Kwalaben nan masu kauri ne."

Juma'a, 20 ga Disamba

Na naɗe kwalabe shida cikin tsohon bargo, na ajiye bayan tukunyar ruwan zafi. Wurin zai kai zafin cikin kwantena, ko kusa.

Talata, 24 ga Disamba

Shiru. Ina leƙawa kamar mai jinya. Murfin ɗaya ya ɗan kumbura, ko idona ne.

Juma'a, 27 ga Disamba

Na kasa cin abinci. Ba asarar ce ke cina ba. Wani nake gani, wanda ban san shi ba, ya sunkuya a kan katan ya zaro kwalba daf da fuskarsa. Ko wata mata ta sayo ta ajiye a mota, yaranta a kujerar baya.

Mama ta ce na rame kamar sandar tsintsiya. "Shizue, in miji kike tunani, kin makara." Ban iya ko murmushi ba.

Litinin, 30 ga Disamba

Ta fashe.

Da hantsi ne, ina wanke bututu, na ji tau kamar bindiga. Na ɗaga bargon a hankali, wauta, ta biyu ta tashi a gabana. Gilashi ya tsaga mini kunci, ƙasa da ido da faɗin yatsa. Wani ɓallin ya nutse cikin katakon bango, na ja da fulaya bai fito ba.

Na ɗauki hoton komai da waya, har fuskata, jinin na zuba.

Tsutomu ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya fara: wai nan ya fi jirgi zafi, wai wataƙila kwalaben da na zaɓa ne masu rauni. Na ce ya kira Dimitra yanzu. Ya ce, "Yaya, jibi sabuwar shekara. Wa ke buɗe shekara da mugun labari? Ki bari kwanakin biki su wuce." Jirgin kuwa ranar shida ga Janairu zai isa.

Na ce, "Tsoron kunya kake." Ya ce eh, yana tsoro, sunan gidan Baba ne a kan kowace kwalba, kuma in aka ji wannan babu wanda zai sake karɓar kayanmu a waje har abada. Idonsa ya yi ja. Tun yana ƙarami haka yake yi in zai yi kuka.

Laraba, 1 ga Janairu

Mun je wurin ibada kamar kowa. Ni abu ɗaya na roƙa: kada kowa ya buɗe ƙofar kwantenar nan.

Alhamis, 2 ga Janairu

Ba na jin Turanci, ko kalma goma. Amma lambar Dimitra na cikin saƙon da Tsutomu ya taɓa turo mini. Na aika mata hotunan: bargon, bangon, kuncina. Na ƙara da hoton kwalba a rana, na ja masa jan layi.

Da na aika, sai na zauna a kan buhun sha'ir. A bayan idon ƙanena na yi, a cikin kwanakin biki. Wataƙila na kashe masa abin da ya fi so a duniya.

Ta kira shi kafin shayina ya huce. Ina jin sa ta bango yana ta ba da haƙuri, na san yana sunkuyar da kai ga wayar.

Asabar, 4 ga Janairu

Tsutomu ba ya yi mini magana. Mama ce 'yar aike, har yau ta ce masa: "Ka ce wa yayarka ta miƙo gishiri, ni na gaji da zama gada."

Alhamis, 9 ga Janairu

An buɗe kwantenar. Mutane sanye da kariyar fuska da safar hannu masu kauri. Dimitra ta turo hoto: giya na malala daga ƙofar kwantenar, katan-katan sun jiƙe sun rufta, gilashi ko'ina. Sauran duk za a fasa su.

Babu wanda ya ji ciwo. Na sa Tsutomu ya sake tambaya. Babu.

Na shiga ɗakin sanyi na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu.

Talata, 21 ga Janairu

Wai Dimitra tana son wani kayan. Tsutomu ne ya faɗa, yana kallon takalminsa. Ta ce wanda zai nuna mata fuskarsa a tsage don kada tata ta tsage, da shi za ta yi ciniki. Sharaɗinta ɗaya, a ɗumama giyar yistin ya mutu.

Na ce a'a. Baba kashe giya yake kiran wannan. Matacciyar giya ba za ta fita da sunanmu ba.

Talata, 4 ga Maris

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Tabon ya zama siririn layi, ɓallin na nan a bango, na hana a cire.

Na tsoma 'yan kwalabe a ruwan zafi, gwaji kawai, ban ce na yarda ba. Ƙanshin tuffar ya ɗan ja baya. Tsutomu ya kurɓa ya ce, "Yaya, ba ta mutu ba." Na ce masa ya rufe mini baki.

Na zuba wa Baba kofi daga cikinta. Ban gaya masa wacce ce ba.

Yau zafi ya fara raguwa a Melbourne. Da safe na duba yanayin can, kafin in duba namu.