Sabuwar Sandar Sinuka Ta Haɗa Ni da Aminina

Anti Mubina, don Allah ki taimake ni, abin nan ya ishe ni. Ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, kuma in mun tashi daga aikin safe ba abin da ke wanke min kai sai sinuka a Panshekara. Shekara shida ina bugawa da wata tsohuwar sanda mai kaurin kai. Da aka sa gasar ma'aikata sai na sayo sabuwa, siririya, mai sheƙi. Na ba aminina Isyaku ajiyarta kwana biyu saboda ɗakina na yoyo. Tun da na karɓo ta, in na bugi farar ƙwallo ta gefe don ta juya, sai ta kauce wa inda na saita. A wasan farko aka cire ni. Kuma wa ya cire ni? Isyaku! A gaban mutane na ce shi ya lanƙwasa min sanda. Ya ajiye allin goga sandarsa ya fita. Yau mako uku, injinmu ɗaya a wurin aiki, amma ko gaisuwa babu. Matata ta ce kunya ta hana ta shiga gidansu. Ƙwallon kuma har yau kaucewa take!

Mai Takaici, Panshekara

Ɗan'uwa, ni ban taɓa riƙe sandar sinuka ba, sai na kai wasiƙarka wurin yayana Ya'u, mai teburan wasa a Bompai. Ga bayaninsa. Kowace sanda, in ka bugi farar ta dama, tana ɗan ture ta hagu. Mai nauyin kai ta fi turewa, siririya mara nauyi kaɗan take yi. Shekara shida hannunka ya saba karkata saiti saboda tsohuwar, yanzu kana gyara matsalar da babu. Mirgina sandar a kan tebur. In kanta bai yi tsalle ba, miƙaƙƙiya ce.

Na san faɗuwa a hannun aboki akwai zafi, kuma zargi ya zo maka da sauƙi tunda a ɗakinsa sandar ta kwana. Amma haba! Wa ke shiga gasa da sandar da bai saba da ita ba? Zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, ka ba hannunka wata guda.

Isyaku kuwa ba zai jira wata guda ba. A gaban mutane ka kunyata shi, don haka a gaban mutanen nan, a bakin teburin nan, za ka ba shi haƙuri. Allah ya daidaita tsakaninku.