Ƙwayoyin da Ka Sha a Ɓoye

Zuwa ga maigidana, Baban Ladi,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma sai na amayar da abin da ke raina, domin har yau haushinka nake ji.

Shekara nawa ka yi kana malamin asibiti a Tabanni? Duk manomin da aka kawo maka da zazzaɓi da ciwon kai yana sambatu, faɗa kake yi sai an sa shi a mota zuwa Kaduna. Da abin ya zo kanka fa? Ka buɗe kabad, ka ɗebi ƙwayoyin kotison kana sha a ɓoye, wai kada a rufe asibiti ana tsakiyar damina.

Ƙwayoyin kuwa suka rufe mana ido. Zazzaɓi ya sauka, ka cinye malmala uku ta tuwo, har ka hau keke ka je Kusasu yin allura. Ran kwana na shida ka dube ni ka kira ni da sunan mahaifiyarka, sannan ka faɗi kana jijjiga.

Wuni guda muka yi a daji, mota tana kafewa a laka, kanka a cinyata. Likitan Kaduna ya ce ƙwayar cutar bairos ce ta shiga ƙwaƙwalwarka. Ya ce kotison kumburi yake kwantarwa, ba ya kashe ta, yana ma iya raunana jiki; su kansu likitoci sai sun auna sun yi shawara kafin su bayar. Ai ka san haka, Malam. Wa ya ce maka kai kaɗai ke da kai?

Ni ma da nawa laifin. Tun kwana na biyu na ga kwalbar ƙwayoyin a aljihunka, na mayar, na yi gum, don ban saba yi maka musu ba. Wannan ladabi nawa, Allah wadaran shi.

Ladi ta shiga aji uku. Ƙanenka Garba ya girbe mana dawar gonar Gayam. Asibitin da ka ƙi bari na kwana uku kuwa, wata bakwai ke nan da kwaɗo a ƙofarsa; mata suna biyo ni gida da yara a goye, ni da ban san kan allura ba.

Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ba ka kyauta mana ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka. Ni ma ina ƙoƙari, ban dai kai ba tukuna.

Matarka,
Hajara