Ba Za a Kai Yari Bakin Tafki Ba

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai. Ni Baraka, matar marigayi Na'Allah mai fataucin kanwa a nan Illela, ni nake faɗa, Malam Idi limamin unguwarmu yana rubutawa. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina garau yake. Duk wanda zai ce daga baya tsohuwa ta ruɗe, ga Malam nan, ya tambaye shi. 'Ya'yana, Lawwali da Dabo da Hindatu, ku buɗe kunnuwanku.

Na ɗaya. Gida da gonar Amarawa da jakuna, a raba muku yadda Allah ya tsara. Nan ba ni da ta cewa.

Na biyu. Shari'a ta bar mini sulusin abin da na mallaka in ba wanda na ga dama, matuƙar ba magaji ba ne. Na ba Yari, ɗan ɗan'uwanku Mukhtari. Ubansa ya riga ni tafiya, saboda haka ba shi da gado tare da ku, na kuma ga yadda hakan ya kwantar wa wasu da hankali. To, a cire masa awakina da 'yar gonar Gidan Katta tun kafin a taɓa komai. Hindatu ce za ta riƙe masa, ita za ta riƙe shi.

Ku tuna yadda yaron nan yake. A hannuna aka yanke cibiyarsa. Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya yi tafiya, bakinsa ya buɗe har yana tsokanata wai ni matarsa ce mai furfura. Sai bazarar sanƙarau ta zo, ta ɗauke Mukhtari da matarsa, ta kwantar da yaron wuyansa a sandare. Da ya tashi, kunne ya tafi, magana ta bi shi, ƙafar hagu tana ja. Wannan duk a kan idonku aka yi.

Na uku, kuma don shi na kira Malam. Ba za a kai Yari bakin tafkin Kalmalo ba. Lawwali, na san bokan da ka je wurinsa a Kwanni, na san baƙin bunsurun da ya ci. Ya ce maka wai aljanu sun musanya mana yaro, ɗan ruwa ne, a ajiye shi bakin tafki da ƙwaryar fura da ƙwai, a juya kada a waiwaya, zai rikiɗa ya koma wurin danginsa. Na kuma san jira kuke in rufe ido. Yaron da ba ya ji, ƙafa tana ja, a bar shi shi kaɗai bakin ruwa, ai ba sai an nemo aljani ba kafin ya ɓace. Shi ya sa ake hana waiwaye. Duk wanda ya ɗauke shi, ko ya ba da jaki, ko ya ga an fita da shi ya yi shiru, ban yafe masa nonona ba. Malam, rubuta shi yadda na faɗa, kada ka sassauta.

Na huɗu. Likitan Nasaran nan da ya zo daga Sakkwato bara, yana bin garuruwa yana duba yaran da sanƙarau ya bari da rai, ya ce zai dawo bayan girbi. In ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a fito masa da Yari. Dabo, kai ka ce abin kunya ne kafiri ya auna kan ɗanmu da zare, wai ƙirga yara suke don haraji. Ni ma ba son Nasara nake ba. Su suka ja layi tsakaninmu da Kwanni, ubanku ya koma neman izini kafin ya gaida ƙanwarsa da ke can. Amma ina zaune mutumin nan ya tafa hannu a bayan yaron, ya ƙwanƙwasa gwiwarsa, ya tambaye ni ta bakin tafinta yadda ciwon ya fara, ya saurara har na gama. Ya ce ya ga irinsa da yawa, daga Gwadabawa har nan, duk bayan zazzaɓin ne. Na tambayi magani, ya ce bai sani ba tukuna, nema yake. Na tsufa ina jin masu magani, ban taɓa jin wanda ya ce bai sani ba. Ku faɗa masa gaskiya duka, har farfaɗiyar da kuke ɓoyewa. Ko Yari bai amfana ba, wataƙila jikokinku su amfana. Sai dai a zaurenmu za a duba shi, Hindatu tana tsaye. In ya ce zai tafi da shi Sakkwato, ku ce mai shi ta hana tun tana raye.

Na biyar. Lawwali da Hindatu, gabar nan ta isa. Ta ce maka mara imani a gaban matanka, ta yi kuskure, ta ba ka haƙuri. Kai kuma tsoro ne ya kai ka ga boka, don 'ya'yanka mata sun tasa kana gudun a ce gidanmu da aljanu. Na gane, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda zai fasa auren 'yarka saboda Yari, Allah ya raka taki gona.

Na shida. Ranar zaman makokina kada a kulle Yari a ɗaki kamar yadda kuke yi in an yi baƙi. A wanke shi, a sa masa rigar ubansa ko ta yi masa yawa, a zaunar da shi ƙofar gida tsakanin Lawwali da Dabo. A madadin Mukhtari yake zaune. Duk wanda ya zo ta'aziyya ya miƙa masa hannu, Illela duka ta ga ɗan wane ne. Zai yi ta leƙen ɗakina, shi kaɗai ne ba wanda zai iya gaya masa inda na tafi. Wannan ne abin da ke sa ni kuka, ba mutuwa ba. Ku riƙe hannunsa.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku, ya tsare ta daga ciwon da ba a san kansa ba. Kada ku raba gidan nan da danga. Ku huɗu na haifa, ku huɗu na bari, a zuba tuwo akushi ɗaya, hannun Yari a ciki.