Kukan da Na Yi Ta Hana Ta

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a jirgin ruwan nan naku da ba ya zama wuri ɗaya. Allah ya tsare ku daga sharrin ruwa da iska. Mu muna nan cikin godiyar Allah. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har yana fita shago, ƙanwarka ta gama jarrabawa sai barci take zubawa. Waya kuwa mun buga har mun gaji, kullum ba a samunka, shi ya sa zan miƙa wannan a ofishinku su san yadda za su yi da ita.

Matarka ta sauka ranar Talata da hantsi, an sami mace, mai goshin babanka sak, Allah ya yi mata sauƙin abin. Ka san ni da jarirai, duk dangi ni ake miƙo wa mai rigima, ku bakwai na raina ban bar ɗayanku ya yi kukan minti biyar ba. To, ana kawo ta ɗakin masu jego tana tsala ihu na karɓe ta, na kwantar da ita a kafaɗa ina jijjigawa. Ta yi shiru, ni kuma har ina kallon matan ɗakin ina jin kaina. Da na juyo da ita sai na ga leɓɓanta sun yi shuɗi, ƙirjinta yana lotsawa ciki. Na girgiza ta, ta fasa kuka, nan da nan launinta ya dawo. Na ce sanyin fanka ne, na sa aka kashe. Na sake lallashinta, ta sake yin shuɗi. Sau uku ina yin haka, kuma ko nono aka ba ta, sai ta kama ta saki tana shure-shure.

Wata nas da ke gyara ƙarin ruwa a gadon gefe ce ta lura. Ta ce in bar ta ta yi kukanta, kada in ƙara lallashinta. Raina ya ɓaci, yarinyar da na isa in haife ta ce za ta koya mini riƙon jariri? Ta kawo ɗan zaren auduga ta kara a hancin, ko motsi bai yi ba. Ta zura wata siririyar roba ta hancin dama, ta ƙi wucewa, ta hagu ma haka. Sai ta ɗauke ta da gudu.

Bayan an ɗauki hoton kanta, likitan hanci ya zaunar da mu. Ya ce can ƙarshen hancin, inda ya kamata ya buɗe zuwa maƙogwaro, a toshe yake da ƙashi, duka biyun, kuma a haka aka halicce ta. Na ce ai ga ƙofofin hanci nan ina gani, har da kyau. Ya ce ƙofa ce da aka gina bango a bayanta. Na ce to ba ga baki ba? Ya ce sabon jariri bai iya numfashi ta baki ba sai in yana kuka, sai ya yi makonni yake koya. Wato kukan nan shi ne numfashinta, ni kuwa ina ta toshe shi da hannuna. An ce kukan kurciya jawabi ne, ashe ni ce marar hankalin da ban gane ba.

Yanzu tana ɗakin jarirai, an sa mata wata lanƙwasasshiyar roba a baki an manne da filasta don kada ya rufe, nonon uwarta kuma ta siririn bututu ake ba ta. Sun duba zuciyarta da idanu da kunnuwa har da ƙoda. Na tambayi abin da ya haɗa hanci da ƙoda, aka yi mini bayani sau biyu, na gyaɗa kai kawai. Duk lafiya suke dai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Sun ce sai an yi mata aiki gobe, ta cikin hancin za su bi su huda ƙashin, ba za a taɓa fuskarta ba. Amma za a sa ta barci, kuma wai hanyar tana iya sake tsukewa a koma a sake aikin. Babanka ya ce a jira ka, don da za ka tafi ka ce kada a yanke wani babban abu ba ka nan, kuma yana tsoron garin neman gira a rasa ido. Likita ya ce jira ma yana da nasa haɗarin, robar bakin nan tana iya gocewa. Wallahi ban san wanda ya fi gaskiya ba. A da da na ce na sani, amma tun ranar Talata na daina yarda da sanina.

Matarka ta sa hannu ɗazu a takardar amincewa da aikin. Ni na danne mata takardar a kan gwiwata, ni na ce ta sa.

Babanka yana gaishe ka, ko da yake ba ya yi mini magana. Ƙanwarka da kawunka da surukarka duk suna gaisuwa. Kafin wannan ta iso ka an riga an yi abin da za a yi. In an dace, ka gode wa Allah da nas ɗin nan. In kuwa ba a dace ba, kada ka ko kalli matarka da maganar, ka zo wurina.

Ni ce,
Mahaifiyarka